Rockford Fosgate Punch P400X4: Wat 50 na Gaskiya a Hanyoyin Adar

A cikin duk kayan da ake ƙara wa mota, babu wanda ake shara wa ƙarya a jikin kwali irin amfilifaya. Ka zaga teburan masu kayan sauti a Madawa ko Birnin Ƙonni, ko ka tsallaka kasuwar Sabon Gari a Kano, za ka ga ɗan akwati an rubuta masa wat 3000 da jan fenti, wani ma 5000, alhali fis ɗin da ke gefensa na ampiya 20 ne. Lissafin ba ya bukatar dogon karatu. In injin mota na aiki, wutarta tana kai wajen bolt 14.4. Ka ninka da 20, ka sami wat 288, kuma wannan shi ne iyakar abin da akwatin zai iya sha, balle abin da zai fitar. Sauran dubban nan duk fenti ne.

Punch P400X4, ƙirar kamfanin Rockford Fosgate na garin Tempe a jihar Arizona ta Amurka, bai shiga wannan gasa ba. Yana da hanyoyi huɗu, kowace tana ba lasifika mai om 4 wat 50. In lasifikar mai om 2 ce, ya ba ta 100. In ka haɗe hanyoyin biyu-biyu, ka sami 200 sau biyu. Shi ke nan. Wanda ya saba da alƙaluman tebur zai taɓe baki, ya ce wannan ai na yara ne. Sai dai awon nan an yi shi ne bisa ƙa'idar da masana'antar ta amince da ita a Amurka, mai suna CEA-2006: wuta bolt 14.4, sauti mai ɗorewa ba na walƙiya ɗaya ba, gurɓata kuma kada ta wuce kashi 1 cikin 100. Kamfanin ya kuma shahara da wata al'ada da nake so ƙwarai: sabon amfilifaya yakan zo da takardar gwajinsa shi kaɗai, mai nuna abin da ya fitar a kan na'urar awo kafin a rufe kwali, kuma sau da yawa adadin yakan haura na jikin kwalin. Kamar mai awon hatsi ne da ke cika maka tiya har ta yi tozo, bai kuma tsaya yi maka surutu a kai ba.

Nawa bai zo da takarda ba, don ɗan Kwatano ne. A cikin but ɗin wata mota da aka shigo da ita daga Amurka aka same shi, ya bi hannu-hannu har ya iso rumfar wani mai gyaran wutar mota a Madawa. Da ya miƙo mini, abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, wanga ba irin na tebur ba na. Ɗauka ka ji nauyi nai." Ya yi gaskiya. Jikinsa alminiyon zubi ne mai kauri, ba falle da aka lanƙwasa ba, kuma jikin nan shi ne abin zuƙe zafi. Maƙallan wayoyin suna da faɗin da za su karɓi waya mai kauri ba sai an fere ta ba. Maɓallan saiti kuwa a saman akwatin aka jera su, don haka mai ɗaurawa ba sai ya kwanta a ƙasan mota da tocila a baki yana laluben rubutu ba. Ƙananan abubuwa ne, amma duk wanda ya taɓa zufa a ƙarƙashin kujera da rana tsaka ya san darajarsu.

Sunan da ke jikin akwatin yana da tarihi. A 1973 Jim Fosgate ya fito da na'urar da ake lissafawa cikin amfilifayar mota na farko-farko a duniya, bayan ya lura cewa cikin mota yana cinye can ƙasan sauti da can samansa, dole a mayar wa kunne abin da aka ƙwace masa. Wannan dabara ce ta rikiɗe ta zama maɓallin Punch da har yau yake jikin kayan kamfanin. Mutumin ya ci gaba da aiki a kan sautin da ke kewaye ɗaki, shi ne ya ƙirƙiro tsarin da aka sani da Dolby Pro Logic II, ya rasu a 2022.

To, ya yake a kunne?

Abin da na fara lura da shi ba ƙara ba ce, natsuwa ce. Rediyon mota na yau da kullum, ko da an rubuta masa 50 sau huɗu a goshi, abin da yake iya riƙewa da gaske bai fi wat 14 zuwa 18 a kowace hanya ba. A kan kwaltar Madawa zuwa Maraɗi wannan ya isa. Amma ka sauka kan jar ƙasa mai gargada ta ƙauyukan Babankatami, tagogi a buɗe saboda zafi, tsakuwa na dukan ƙasan mota, dole ka murɗa. Kana murɗawa rediyon ya kai maƙura, ya fara yanke kan sautin, murya ta koma tsatsa, kalangu ya zama kwanon da ake buga wa cokali. Da P400X4 a tsakani, ana murɗawa sautin yana girma ne kawai, siffarsa ba ta canzawa. Akwai sauran ƙarfi a ajiye don bugun da zai zo ba zato.

A wurin Alhaji Mamman Shata na fi jin wannan. Kalangu ganga ce mai magana, kuma maganarta tana cikin matsewar tsirkiya a hammata: bugu ɗaya ya fara ƙasa ya lanƙwaso sama, ko ya faro sama ya zube. Ƙaramin rediyo yana ba ka bugun, ya haɗiye lanƙwasar. A nan kuwa ana jin fatar tana miƙewa tana saki. Ana kuma iya raba makaɗan da juna, a ji wanda ke riƙe da gindin kiɗa da wanda ke yi masa ado, 'yan amshi suna bayansu, Shata a gaba da muryar nan tasa mai yashi-yashi, ba ta nutse cikin taron ba. Waƙoƙin Shata na san su tun daga kaset, amma sai yanzu na san yawan mutanen da ke cikinsu.

Kuntigin Ɗan Maraya Jos wata jarrabawar ce dabam. Tsirkiya ɗaya ce tak, siririya, mai kaifi, kuma kayan sauti marasa kyau suna mai da ita ƙarar da ke huda kunne, har mutum ya rage ba don ya gaji da waƙar ba. Punch ya bar mata kaifinta bai ƙara mata gishiri ba. Na yi tafiya mai nisa da ita ban ji kaina ya yi nauyi ba, wanda shi ne ma'aunin da na fi yarda da shi. A amadar Barmani Choge kuwa, ƙwaryar da ake kifawa a kan ruwa tana da wani kumburin sauti mai zurfi, zagayayye, wanda lasifikar ƙofa ba ta iya fitarwa sai an riƙe ta da ƙarfi. An riƙe ta. Sai ka ji ƙwaryar ruwan dabam, busassun ƙoren dabam, shewar mata na ratsawa ta sama.

Ba tsofaffi kaɗai nake saurare ba. Faifan Afrique Victime na Mdou Moctar, ɗan jiharmu ta Tawa, wanda ya fito a 2021, yana da wuraren da jita da ganguna ke rufowa gaba ɗaya da gudu. Nan ne amfilifaya mai rauni ke cakuɗa komai ya zama ƙura. Wannan bai rikice ba. Ba zan ce ya kai na ɗakin saurare laushi ba, sautinsa yana da ɗan turowa gaba, irin na mai magana da ƙarfin hali, amma a cikin mota, inda injin da iska ke gasa da kai, wannan hali ribar mai saurare ce. Da asuba kuma, in na sa karatun Alƙur'ani ƙasa-ƙasa, babu huci ko tsiwar wuta a bayan muryar mai karatu. Shirun da ke tsakanin aya da aya shiru ne.

Abin da na fi yaba wa masu ƙirar a kai, ko da yake ba a jin sa kai tsaye, shi ne tsarin saitin da suka kira C.L.E.A.N. Yawancin masu ɗaura mana kayan sauti sun ɗauki maɓallin daidaita shigar sauti a matsayin na ƙara murya, sai su murɗe shi har ƙarshe don maigida ya ji kuɗinsa. Wannan na yawan ƙona lasifika: sautin da aka yanke wa kai yana dafa zaren wayar da ke cikinta. P400X4 yana da ƙananan fitilu masu gargaɗi, na sautin da ke shigowa daga rediyo da na wanda ke fita zuwa lasifika. Ka sa sautin gwaji, ka murɗa a hankali har fitila ta yi magana, ka ɗan ja baya. Aikin da a da sai da na'urar awo mai tsada, yanzu yaron shago mai haƙuri zai iya yin sa. Ga kuma matatar sauti a jiki: in ka hana lasifikan ƙofa duk abin da ke ƙasa da wajen 80 Hz, sai su daina kakkarwar banza, su mai da hankali kan murya da kalangu, su kuma daɗe.

Sai dai ba a ƙera shi da yankinmu na Adar a zuciya ba, kuma adalci ne a faɗi inda hakan ke nunawa.

Na farko zafi. Amfilifayan ajin A/B ne, tsohon tsari mai daɗin sauti, wanda a ɗabi'arsa yake mai da kaso mai yawa na wutar da ya sha zuwa zafi, sau da yawa fiye da sulusi. Sabon tsarin ajin D yana iya kai kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na wutarsa ga lasifika. A ƙasar sanyi wannan bambanci na takarda ne. A nan, cikin Afrilu da Mayu, inda inuwa kanta ke haura digiri 40, motar da ta yini a rana ranar kasuwar Buza tanda ce. Duk mai irin wannan akwati dole ya nema masa wurin da iska ke ratsawa, kada a binne shi ƙarƙashin darduma ko buhun albasa, a kuma riƙa kakkaɓe masa ƙurar hunturu, don ƙura bargo ce a jikin alminiyo.

Na biyu ci. In aka matsa masa ya fitar da wat 400 ɗinsa cif, zai nemi abin da ya kai ampiya 45 ko fiye. Tsohuwar ƙaramar mota mai altaneta ta ampiya 60 ko 70, ga fitilu, ga fankar injin, ga batirin da ya sha caji ya gaji, ba za ta ji daɗin wannan baƙo ba. Kiɗa ba ya jan wuta haka a kowane lokaci, gaskiya ne, amma wanda zai saya ya sa kuɗin batir mai kyau cikin lissafi. Ya sa na waya ma. Kasuwa cike take da waya mai kaurin roba, cikinta alminiyo ne da aka shafa wa jan ƙarfe. Ka kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari, ka ajiye. Amfilifaya na kirki a kan irin wannan waya asarar kuɗi ce kawai.

Na uku, kuma a nan ra'ayina ne zalla, maɓallin Punch ɗin da sunan ya samo asali daga gare shi. Yana ƙara har desibel 18 a daidai 45 Hz, wato can ƙasa inda babbar jitar gindi da gangar kiɗan zamani na Amurka ke zaune. Kalangu, kotso, kuntigi da muryar mawaƙi duk suna sama da nan nesa. In ka murɗa shi kana sauraren Ɗanƙwairo, babu abin da za ka ƙara sai gurnanin tsohon kaset da rawar ƙofa. Ga waƙoƙin su Hamisu Breaker da Umar M. Shareef, waɗanda aka haɗa a kwamfuta da gindi mai nauyi, ɗan kaɗan yana da daɗi in akwai babbar lasifikar gindi a but. Ni dai nawa yana kusa da sifili. Da a ce wurin da yake ƙarawa ana iya matsar da shi sama, da ya fi mana amfani.

Akwai kuma abin da ba laifinsa ba ne, amma mai saye ya sani: ba ya rufa wa kowa asiri. Waƙar da aka kwafo daga kaset zuwa waya, aka tura ta WhatsApp, aka matse ta, aka loda a memori a rumfar caji, zai nuna maka duk raunukanta ɗaya bayan ɗaya. Na fara neman kwafi masu kyau ne saboda shi.

Tambayar da ta fi damuna ita ce ko masu ƙera irin wannan kaya za su daɗe suna yin sa. Wanda ya bi labarin shekarun nan zai ga manyan sunayen suna shigewa aljihun wasu ɗaya bayan ɗaya. A 2017 Samsung ta sayi Harman, mai JBL da Infinity, a kan dalar Amurka biliyan 8. A 2019 Alpine ta narke cikin Alps Alpine, Clarion ta koma hannun Faurecia ta Faransa, Pioneer kuma ta fita daga kasuwar hannun jari ta Tokyo bayan wani kamfanin zuba jari ya saye ta. Rockford ɗin kanta, a 2022 Patrick Industries ta jihar Indiana ta saye ta a kan sama da dalar Amurka miliyan 130, kuma sana'ar Patrick ita ce kayan jiragen ruwa na shaƙatawa da motocin yawon buɗe ido masu ɗaki a ciki. A 2023 Garmin ta ɗauke JL Audio ta Florida, ita ma da ido a kan jiragen ruwa. A 2024 Bose ta sayi McIntosh.

Dalilin a fili yake. Sabuwar mota a Turai da Amurka ba ta da ramin rediyon da za ka zare ka sa wani. Allo ɗaya ne ke riƙe da kiɗa da na'urar sanyaya mota da kyamarar baya, kuma sautin an riga an yi cinikinsa tun a masana'anta: McIntosh a cikin Jeep Grand Wagoneer, Mark Levinson a Lexus, Burmester a Marsandi. Saurayin da a shekarun 1990 zai kai albashinsa shagon kayan sauti, yau ya karɓi abin da ya tarar. Don haka kamfanonin suka bi kuɗi inda ya koma, wato kwangila da masu ƙera mota, da babura irin Harley-Davidson, wanda Rockford ke yi wa kayan sauti, da motocin wasa a rairayi irin na Polaris, da jiragen ruwa. Daga ƙasa kuma ga 'yan Brazil, Taramps da Stetsom, sun cika duniya da ƙananan akwatunan ajin D masu dubban wat na gaske a farashi mai sauƙi, ga kuma masana'antun Sin da ke ƙera wa kowa, har da masu kwaikwayon tambarin wasu. Sunayen ba za su mutu ba, a ganina. Amma akwati mai nauyi na ajin A/B, wanda mutum zai saya da hannunsa ya ɗaura a tsohuwar mota, yana komawa kayan 'yan tsiraru masu sha'awa.

Abin ban haushi shi ne motocin da suka fi dacewa da shi suna nan wurinmu. Corolla da Hilux da Hiace masu shekara goma sha biyar ko ashirin, masu rediyon da ake zarewa da sukurudireba, su ne ke ɗaukar mutane da kaya tsakanin Madawa, Buza, Keita da Tawa. Masu kuɗin sayen sabo kuwa suna can. Direban da ke lissafin mai da taya da kuɗin hanya ba zai sa kuɗin buhunan gero a kan sautin da fasinja ba zai ƙara masa ko dala a kai ba. Kuɗin sauti a ƙasar nan yana wani wuri: amfilifayar Ahuja ta Indiya da ƙahon lasifika a kan rufin motar mai tallar magani ranar kasuwa, kayan masallaci da na wa'azi, kayan biki, sai akwatin Bluetooth da ake cajawa da hasken rana, wanda ɗan cin rani ke dawowa da shi daga Abijan ko Legas. Waɗannan suna biyan bukatar da aka saye su dominta, kuma ban raina su ba. Hanyar da irin nawa ke bi ta iso ma ta ƙuntata, tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, tsada ta ƙaru. Wanda nasa ya lalace, gwanin rediyo na gari zai nema, ko ya aika a duba masa a Kano.

Duk da haka, in ka ci karo da P400X4 na asali a hannun mai gyara, ka ɗaga ka ji nauyi, ka sa a haɗa shi da batir a gabanka, ka saurari hanyoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya da waƙar da ka sani sarai, ka shinshina ko akwai ƙaurin ƙuna. In ya wuce wannan, ka saya. Ka nemo waya ta jan ƙarfe zalla, a sa fis kusa da batir, a kankare fenti a inda za a ɗaure wayar ƙasa, a ba shi iska, a bar maɓallin Punch ya huta. Mai son a ji shi daga ƙarshen unguwa ya nemi na Brazil, zai fi masa araha. Mai son ya ji abin da makaɗan Shata suke yi da hammatarsu, wannan ne nasa.